Sarfaraz Miyan da Robobin Maƙwabta

Sarfaraz Miyan ya yi shekara talatin da ɗaya yana kwandastan bas a Bhopal, amma in ka zauna da shi a dakalin dutsen da ke bakin shagona, kafin shayi ya huce zai tabbatar maka shi ya koya wa direbobin garin nan tuƙi. Ni Munawwar faci nake yi, tayar keke da ta babur. Makaranta a aji biyar muka rabu da ita, ba faɗa ba gaba. Aikina a dakali shi ne in gyaɗa kai in ce "Allah?", don na lura duk sanda na faɗi haka, ƙaryar Sarfaraz ƙara tsawo take yi.

Wata huɗu da ajiye aikinsa, sai ga shi da safe yana sauri, waya a hannu.

"Munawwar, ajiye tayar nan ka ga abin duniya."

Hoton wata tsohuwar robar zuba kayan yaji ce, ruwan ɗorawa, wai an sayar da ita a Bombay kuɗin sabon babur.

Na ce, "Roba?"

"Roba a idonka, jahili. Tarihi ne. Akwai masu kuɗin da ba abin da suke tarawa sai robobin kicin na zamanin da. Abin da suka rasa masani ne, wanda zai ɗaga kaya ya faɗi shekarunsa. To, ga shi zaune kusa da kai."

"Allah?"

"Ni da nake gane jabun kuɗi da ɗan yatsa cikin bas mai gudu? Roba ce za ta gagare ni?"

A nan ya kamata ku san abu ɗaya. Tun da aka haifi Sarfaraz bai taɓa wanke ko cokali ba. Kicin ɗin gidansa ma daga bakin ƙofa yake leƙawa ya tambayi ko an sauke.

Kafin mako ya zagayo ya haɗa kayan aiki. Ya ari gilashin ido ɗaya a wurin mai gyaran agogo, ya samo farar safar hannu a wurin wani mai busa a ƙungiyar makaɗan biki. Ya kuma zo mana da ƙa'idoji uku, ya lissafa su da yatsa. Na farko launi: roba in ta tsufa rawaya take komawa, yawan rawaya yawan shekaru. Na biyu ƙamshi: a zuba mata tafasasshen ruwa a shinshina, tsohuwa tana da warinta na musamman. Na uku hatimi: ya gano a ƙasan wasu robobin akwai ɗigo-ɗigo masu sheƙi, ja ko kore ko shuɗi. Wannan, in ji shi, tambarin masana'antun da ne. Ɗigo ɗaya na talakawa, biyu na 'yan kasuwa, uku kuwa daga fada kayan suka fito.

Ni na san ɗigon nan. Jan farce ne. Kowace mace a layinmu tana ɗiga wa robobinta alama a gindi don kada su ɓace a gidan maƙwabta. Matata Tahira kore biyu take sawa. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga yadda yake murza gashin baki, sai na ji abin ya yi daɗi da yawa a ɓata shi.

Na ce, "To in aka samu ɗigo huɗu fa?"

"Wannan sai gidan tarihi na Landan."

Ran Lahadi ya ja ni kasuwar tsofaffin kaya. Yana sa safar hannu kowane mai tebur ya ninka farashi. A gun wani tsoho ya tsaya cak, ya ɗago wata aba mai dogon baki, ta koɗe ta yi rawaya.

Tsohon ya ce, "Miyan, buta ce fa."

"Kai ka san buta. Wannan ta zuba madara ce a teburin fada. Dubi lanƙwasar wuyan."

"To, in ta fada ce, rupi ɗari huɗu."

Ya biya ba tayi. Muka dawo dakali, ya sa aka cika ta da shayi, ya ce yau kowa zai sha yadda sarauniyoyin da suke sha. Mutane suka miƙo kofuna. Sai Chacha Idris, mai gadin tashar bas, ya kare ido da hannu ya dube ta da kyau.

"Sarfaraz, juyo min hannunta. Ai kuwa ita ce. Ga inda na ɗaure da waya. Shekara shida tana ban-ɗakin tasha kafin a sace ta. Kai ma ka sha ɗaukarta."

Kofuna suka koma da baya a tare. Sarfaraz ya ce fada ma ai akwai ban-ɗaki, amma shi ma bai sha ba.

Gwajin ƙamshi a gida ya fara shi. Ya faki idon matarsa Mehru Bhabhi, ya ɗauko robar da take ajiye acar, wato jiƙon mangwaro mai yaji, shekara da shekaru, ya tuttula mata tafasasshen ruwa, ya cusa hanci ya ja numfashi har ƙirji. Tururin barkono da man mustad ya bi ta hancinsa ya fita ta kunne. Daga shagona muna jin atishawa, muna ƙirgawa, a arba'in muka gaji. Robar kuwa ta lotsa ta koma kamar tsohon takalmi. Washegari ya fito da bororo a kan hanci.

"Me ya samu hancin, Miyan?"

"Alamar sana'a ce. Duk manyan masana haka nasu yake."

Kasuwa ta yi masa tsada, robobin gidansa kuma Mehru Bhabhi ta sa musu ido. Sai dabara ta zo masa, kuma daga nan ne wasa ya fara taɓa wanda bai ji ba bai gani ba.

A layinmu ba a kwana uku wata ba ta aika wa wata abinci ba. Yau miyar kari, gobe shinkafa, jibi ɗanɗanon abin da aka soya. Kuma ba a mayar da roba ba komai a ciki, ko sukari ne sai an zuba. Macen da ta riƙe robar mutane, ko ta mayar da ita wayam, ta gama zubar da mutuncinta. Mehru Bhabhi kuwa a wannan fanni ba ta da na biyu. In ka aika mata da wake, da nama robarka za ta dawo. Tun da mijinta ya zauna a gida, sai ta mai da shi ɗan aike.

"Baban Rubina, kana ji? In za ka fita, miƙa wa Kusum Didi wannan."

Sarfaraz zai karɓa ya fito, ya sha kwana, ya zo dakali. Ya buɗe murfi.

"Munawwar, wanke hannu. Dole a kwashe abin ciki kafin a duba kaya."

Mu cinye tas, ya kifa robar, ya maƙala gilashi a ido, ya ce "Ɗigo uku! Ja!", sai ya kai ta tsohon garejin ƙaninsa ya kulle. Ba zan yi muku ƙarya ba, watanni biyun nan na yi ƙiba.

Na taɓa tambayarsa, "Ba za su nema ba?"

"Mata? Su roba roba ce. Sun san darajarta ne? Ni ceton kayan nake yi daga hannun jahilci."

Sai magana ta fara yawo. A bakin famfo Kusum Didi ta ce robobinta uku sun shiga gidan Mehru ba su fito ba. Farzana mai ɗinki ta ce nata biyu. Wata ta ce dama ruwan da ya cika kwanciya a yi hankali da shi. Ita kuma Mehru Bhabhi tana gida tana mamaki: ta aika kofta, dunƙulen naman nan, ta aika shinkafar biryani, ko mutum ɗaya bai ce an gode ba. Ta fara ɗaure fuska, su ma suka ɗaure. Aike ya ragu, ya ragu, ya tsaya.

Sai aka zo kan robar Khala Shamshad.

Khala Shamshad ita ce uwar layi. Ta haura tamanin, ba haƙori ko ɗaya, amma in ta yi magana har karnuka shiru suke yi. Tana da wata roba fara mai koren murfi da marigayi mijinta ya kawo mata daga aikin Hajji, tun ana tafiya a jirgin ruwa. Ba ta sa mata ɗigo ba, don ba wanda bai san ta ba. A cikinta ta aika wa Mehru shinkafar madara, Mehru ta cika ta da alewar karas ta ba mijinta. Na tuna alewar nan, ta ji man shanu.

Ran Litinin Khala ta dogara sandarta har ƙofar gidan Sarfaraz. Ba ta shiga ba, a waje ta tsaya don kowa ya ji.

"Mehrunnisa! A gabana aka kawo ki layin nan da lalle a hannu. Ban taɓa jin abin kunya a kanki ba sai bana. Alhamis tsakiyar Sha'aban ce, ranar rabon alewar halwa. In robata ba ta dawo kafin la'asar ba, halwar kowa ba za ta shiga gidan nan ba, taki kuma ba mai karɓa. Na gama."

"Khala, wallahi na mayar! Na ba baban Rubina!"

Sarfaraz yana tsaye a bayanta. Ko gezau.

"Na kai mana. Na miƙa ta ƙofa. Khala, shekaru fa sun ja, a duba ƙarƙashin gado."

Da yamma na je mayar musu da famfon keke, na tarar da Mehru Bhabhi zaune a tsakar gida, ta auno tsakin alkama da sukari na halwa ta sa a gaba, tana kallonsu tana share ido da gefen mayafi. Shekara ashirin da takwas tana raba halwa a layin nan. Alewar karas ɗin nan ta taso min har wuya.

Na samu Sarfaraz a gareji na ce, "Miyan, a mayar da ta Khala mana."

"Waccan? Banza ce ma. Ba rawaya, ba wari, ba hatimi, jiya-jiya aka yi ta. Amma in na fito da ita yanzu ai na tona kaina. Bari Alhamis ta wuce. Ka san wa zai zo Alhamis?"

Ashe ya daɗe yana tura hotuna wa wata Madam Batliwala, babbar mai tara irin waɗannan kaya a Bombay. Za ta zo biki Bhopal, ta ce za ta leƙo da azahar. Zai yi baje koli a gareji, maza zalla, manyan mutane.

"Daga ranar, Munawwar, sai ka nemi izini kafin ka zauna kusa da ni."

"Allah?"

Da safe dai na bi gida-gida, na ce Sarfaraz Miyan yana gayyatar iyaye mata baje kolin kayan tarihi ran Alhamis, akwai shayi kyauta, kuma ya ce a zo da tabarau.

Alhamis ta zo. Garejin ya sha shara. Ya shimfiɗa fararen zannuwan gadon Mehru Bhabhi a kan benci, ya jera robobi ashirin da bakwai, kowace da 'yar takarda a gabanta. Ya sa doguwar rigar aurensa wadda maɓallanta suka daina haɗuwa tun tuni, ga safar hannu, ga gilashi a ido, ga sabon ɓawo a hanci. Robar Khala kuwa tana can ƙarshen benci, ya zuba alli da ƙusoshi a ciki.

Madam Batliwala ta sauko daga babur mai ƙafa uku, 'yar tsohuwa siririya da gajeren gashi fari. Maza suka buɗa mata hanya. Sarfaraz ya fara jawabi, ya kai wajen kakansa da ya yi aiki a fada, sai hasken ƙofa ya dushe. Mata ne. Sun fi ashirin, Khala a gaba da sanda, Mehru Bhabhi can baya ita kaɗai, ba mai tsayawa kusa da ita.

Sarfaraz ya dube ni. Na dubi rufi.

Ya daure ya ɗago ta farko. "Madam, wannan ita ce sarauniyar kayan. Dubi rawaya. Aƙalla shekara ɗari. Ga hatimin fada, ja uku."

Madam ta karɓa, ta juya ta, ta shinshina. Ta ce a ba ta lemon tsami. Aka karɓo a gun mai shayi. Ta matsa, ta goga da hankici, ta ɗaga hankicin. Ya yi rawaya shar.

"Kurkum ne, Malam. Wani ya ci kari a ciki bai wanke ba."

"Kurkum na zamanin da ke nan."

"Na watan jiya ne!" Kusum Didi ce ta kutso. "Karin dankalina ne! Juyo gindinta. Ja uku! Jan farcen bikin 'yata ne wannan. Wace fada? A bakin tasha na saye ta, uku rupi hamsin!"

"Didi, a yi haƙuri, nan wurin ilimi ne..."

"Ilimin gidanku! Ga ɗayar can ma. Ga ta ukun!"

Shi ke nan, aka ɓalle. Farzana ta yi kan benci tana ihu, "Shuɗi ɗaya nawa ne!" Wata ta ce ga tata mai tsagaggen murfi, wata ta ce ga wadda ta yi wata biyu tana zargin surukarta a kai. Takardu suka tashi sama. Sarfaraz ya baza hannuwa yana tare benci yana cewa kada a taɓa da hannu, gumi yana ɓata tarihi. Maɓallin rigarsa ɗaya tilo da ya samu ya ɗaura ya fincike ya daki Chacha Idris a goshi. Sarfaraz ya ja da baya, ya taka butar fada, ya zauna daɓas cikin bokitin ruwan zafin da ya tanada don gwajin ƙamshi. Allah ya taimake shi ruwan ya ɗan huce. Ɗan kaɗan.

Ina cikin dariya har da riƙe ciki, sai na ji an kama kunnena. Tahira ce, da roba a ɗaya hannun.

"Kore biyu. Wannan tawa ce. Mehru Bhabhi, me kika zubo min a ciki?"

Daga can baya Mehru ta ce, "Kofta, guda takwas."

"Wa ya ci?"

Sarfaraz, daga cikin bokiti, ya nuna ni. "Biyar ya ci."

Ashe abincin gidana na ci a titi, har ina gode wa wani.

Ana wannan hargitsi Madam ba ta ko ɗaga kai ba. Ta je ƙarshen benci, ta zubar da alli da ƙusoshi, ta ɗaga farar robar nan tana kallonta a haske kamar ta ga jariri.

"Wannan ta wace ce?"

Sarfaraz ya ce, "Bar wannan, Madam, sabuwa ce, ba ta da..."

Khala ta buga sanda a ƙasa. "Tawa ce."

"Mama, shekara goma sha biyu ina neman irinta da murfinta. An daina yin su tun ina 'yar makaranta. Ya aka yi ba ta yi ko tabo ba?"

"Wankewa nake yi. Da lemon tsami, in shanya a rana."

"Ki faɗi abin da kike so a kanta."

"'Yata, ki sha shayi ki koma bikinki. Yau ranar halwa ce, ina da abin zubawa a ciki."

Ta karɓi robarta, ta goge ƙurar allin da mayafi. Sai ta juya, mata suka dare, ta taka har inda Mehru Bhabhi take tsaye.

"Mehrunnisa, a bainar jama'a na ci miki mutunci, a bainar jama'a zan ba ki haƙuri. Ki yafe wa tsohuwa."

Mehru ta fashe da kuka, Kusum Didi ta rungume ta, Farzana ma ta sa nata kukan, alhali ita ta fi kowa yaɗa maganar.

Sarfaraz ya ga hankali ya bar kansa, ya fara bin bango zai fice, wando na ɗiga.

"Kai, kwandasta. Dawo." Khala ko juyowa ba ta yi ba. "Kowa ta ajiye robarta. Ba a mayar da roba wayam a layin nan, ba kuma yau za a fara ba. Mehru ta cika nata tun tuni. Wanda ya kwashe shi zai mayar. Da shi da mai facin."

Aka fito da tukunyar biki, aka kafa murhu a tsakiyar layi da rana tsaka. Aka ba Sarfaraz muciya mai tsawon mutum, ni aka ba ni hura wuta. Mata suka jera kujeru a inuwa suna ba da umarni. Juya ta ƙasa! Kana ƙona ta! Wannan juyi ne ko susa? Madam Batliwala ma ta fasa tafiya, ta zauna kusa da Khala tana ɗaukar hoto. Sarfaraz ya roƙe ta kada ta tura Bombay. Ta ce ta riga ta tura.

Kafin la'asar muka cika ashirin da bakwai. Muka bi gida-gida, shi da tire a ka, ni da wani, yara na bin mu da tafi. A kowace ƙofa sai ya miƙa ya ce, "In ji Mehrunnisa," matar gidan kuma ta leƙa bayansa ta tabbatar ya saki robar.

Da muka dawo, hannuwa duk bororo, muka tarar ba wurin taka ƙafa a barandar Mehru Bhabhi. Halwa ce daga kowane gida, ta tsakin alkama, ta wake, ta kabewa, har daga layin baya da ba su taɓa aiko mata ba. A tsakiya ga farar robar Khala cike har murfi ba ya rufuwa. Mehru tana zaune a cikinsu, ido a kumbure, tana murmushi.

Sarfaraz ya tsaya ya ƙare musu kallo, ya gyara tsayuwa, ya murza abin da hayaƙi ya bar masa na gashin baki, ya dubi matarsa.

"Begum, ki faɗi gaskiya. Shekara ashirin da takwas, an taɓa aiko miki da halwa haka? Kina ganin haka kawai abin ya faru? Tun farko na tsara shi."

Na buɗe baki zan ce abin da na saba, Tahira ta harare ni, na rufe.

Mehru Bhabhi ta ce, "Gaskiyarka, baban Rubina. Ka cancanci lada. Miƙo hannu."

Ya miƙa hannu biyu yana haɗiyar yawu. Ta ɗora masa soso da sabulu.

"Tukunyar tana waje. Masu ita da magariba suke so."